Facin da ke rage gudu: tsofaffin kwamfutocin Katsina da ɓarakar cikin furosesa

Laftof ɗin da ke jakar ɗalibai da yawa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da wadda ke kan teburin masu buga takardu a kusa da Kwalejin Hassan Usman, ba sabuwa aka saye ta ba. Ta gama aikinta a wani ofis a Turai ko Amurka, aka loda ta a kwantena zuwa Legas, ta biyo ta Kano, sannan ta sauka Katsina da sunan “London yus”. Duk wanda ya taɓa taya kwamfuta ya san sunayen: HP Folio 9470m, EliteBook 8460p da 840, Dell Latitude E6420 da E6440, ThinkPad T430. Akasarinsu ƙirar 2011 zuwa 2016 ne, da furosesar Intel Core i5 zubi na 2 zuwa na 6 a jerin fitowarta. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi. Ƙarfe ne mai ƙwari, yana jure ƙura da zafin bazara, kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu.

Sai dai waɗannan injinan su suka fi kowa ɗanɗana kuɗar wata matsala da ta fito fili ranar 3 ga Janairu 2018, lokacin da masu bincike suka bayyana ɓaraka biyu a ƙirar furosesa kanta, Meltdown da Spectre. Aibin a jikin silikon yake, kuma silikon da ya bar masana'anta ba ya komawa gyara. Abin da ya rage shi ne babbar manhaja, Windows ko Linux ko macOS, ta riƙa kewaye wurin ta hanyar gyaran manhaja da ake kira faci. Kewayen yana cin lokaci, tsohuwar furosesa kuma ita ta fi biya. Shi ya sa shawarar “a kashe kariyar, kwamfuta ta yi gudu” ta samu shiga a wajen wasu masu gyara. Akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Amma kafin a bi ta ko a ƙi ta, sai an san me kariyar ke tsarewa, daga wa, da kuma ko tana nan ma tun farko, don a kwamfutoci da yawa a garin nan ana gardamar kashe abin da ba a taɓa kunnawa ba.

Tun daga Pentium Pro na 1995, furosesoshin Intel ba sa jiran tabbas kafin su fara aiki. A lokacin da ake ɗauko bayani guda daga ram, wato ma'ajiyar aikin kwamfuta, furosesa za ta iya yin ɗaruruwan lissafi, don haka maimakon zaman jira sai ta yi hasashen inda manhaja za ta nufa, ta kama aikin tun ba a ce ta yi ba. In hasashen ya dace, an ci riba. In bai dace ba, ta watsar da sakamakon. Mai shayin da ya san mutanensa haka yake yi: ya hango mutum tafe, ya ɗora kasko, don ya san kullum sai ya ci ƙwai. Yau mutumin ya ce shayi kawai zai sha, sai a sauke kasko, ba a yi asarar komai ba. Amma kaskon ya ɗauki zafi. Wanda ya zo bayansa ya ce a soya masa ƙwai, ya ga an gama nan take, zai gane an ɗora kaskon nan ba da jimawa ba, ko da bai ga lokacin da aka ɗora ba.

A cikin furosesa, abin da ke riƙe wannan zafin shi ne kash, 'yar ƙaramar ma'ajiya mai tsananin sauri da ke ajiye abin da aka taɓa kwanan nan. Ana soke sakamakon aikin hasashe, amma abin da ya jawo cikin kash yana nan. Mai satar bayani ba ya ganin sirrin kai tsaye, lokaci yake aunawa. Ya tanadi gurabe 256, ɗaya ga kowace ƙimar da bait guda, wato ɗan ƙaramin ma'aunin bayani, zai iya ɗauka. Ya yaudari furosesa ta karanta bait ɗin sirri cikin hasashe, ta yi amfani da ƙimarsa wajen taɓa gurbi ɗaya daga cikin guraben. Furosesa ta farga, ta soke. Shi kuma ya bi guraben ɗaya bayan ɗaya yana duba wanda ya amsa da wuri, lambar wannan gurbin ita ce sirrin. A maimaita haka sau dubbai, sai ga kalmar sirri ta fito, ga mabuɗin ɓoye bayanai, ga abin da wata manhaja ke riƙe da shi. Jann Horn na Google da masu bincike na Jami'ar Fasaha ta Graz a Ostiriya na cikin waɗanda suka gano Meltdown, kuma a gwajin da aka wallafa an kwashi kusan kilobait 500 a sakan guda.

Facin Meltdown ne aka fi ji a jiki. Shekara da shekaru babbar manhaja tana ajiye taswirar ma'ajiyar kanel, wato ɓangarenta mai iko da komai, a cikin taswirar kowace manhaja da ke gudana, an dai yi mata alamar ba a shiga. Don sauri aka yi haka. Duk lokacin da Word ko Chrome za ta karanta fayil, ko aika bayani ta intanet, ko tura takarda ga firinta, sai ta kira kanel, kuma in taswirar guda ce kiran ba shi da tsada. Matsalar ita ce furosesar Intel tana duba alamar a makare. Kafin ta ce a'a, bayanin ya riga ya faɗa hannun aikin hasashe. Kusan duk furosesoshin Intel daga 1995 zuwa lokacin da aka bayyana ɓarakar abin ya shafe su, ban da Itanium da Atom na kafin 2013. Na AMD ba su da wannan aibin.

Maganin da aka samu shi ne raba taswirar biyu, ɗaya ta manhaja, ɗaya ta kanel. A Linux ana kiransa KPTI, ya shiga kanel 4.15 a Janairu 2018, aka kuma mayar da shi kan tsofaffin kanel. A Windows sunansa KVA Shadow. Yanzu duk kiran kanel sai an sauya taswira wajen shiga, a sake sauyawa wajen fita. Furosesa kuwa tana da ɗan kundi da take tuna adiresoshin da ta fassara kwanan nan, kuma sauya taswira yana share kundin, sai an fara daga farko. A nan shekarun furosesa ke yin magana. Akwai wata dabara mai suna PCID da ke yi wa kowane adireshi lamba, don kada a share kundin duka. Intel ta sa ta tun 2010, amma umarnin da ke cika ta, INVPCID, sai a zubi na 4, Haswell na 2013, ya zo. Windows ba ya amfani da dabarar sai duka biyun na nan. Ke nan Folio 9470m da EliteBook 8460p da T430 da E6420, 'yan zubi na 2 da na 3, cikakken farashi suke biya a Windows. Linux ya fi sassauci, yana cin moriyar PCID ko da babu INVPCID.

Microsoft ba ta ɓoye ba. Ranar 9 ga Janairu 2018, Terry Myerson, shugaban sashen Windows a lokacin, ya rubuta cewa a Windows 10 kan furosesar 2016 zuwa sama raguwar gudun ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, a kan Haswell da waɗanda suka girme ta wasu za su lura, a Windows 7 da 8 kan tsohon ƙarfe kuwa yawancin mutane za su lura. Ɗaya daga cikin dalilan da ya kawo ya shafi masu buga takardu kai tsaye: a Windows 7 da 8 hatta zana haruffa a cikin kanel ake yi, don haka kowane shafin rubutu yana jawo shiga da fita.

Ba kowane aiki ke jin nauyin iri ɗaya ba. Lissafi tsantsa, kamar matse bidiyo, kusan bai san an yi ba, don ba ya yawan kiran kanel. Wanda ke ji shi ne mai buɗe ƙananan fayiloli dubbai, kamar mai tura waƙoƙi da karatuttuka a memori, ko manhajar kashe bairos tana bin faifai, ko rumbun bayanai. Ko a nan ma, in tsohon had-dis mai juyawa ne a ciki, jiran faifan ya ninka abin da facin ke ci nesa ba kusa ba.

Spectre ta fi wuyar sha'ani, kuma ta haɗa da furosesoshin AMD da na Arm. Ita ba ta tsallaka katanga. Tana horar da sashen hasashen furosesa ne har manhajar da ake hari, ko kanel, ta taɓa sirrinta da hannunta. Nau'i na farko ba shi da makunni guda da za a danna, sai masu rubuta kanel da burawuza sun bi wuraren da ke da haɗari ɗaya bayan ɗaya suna toshewa, aikin da har yau bai ƙare ba. Nau'i na biyu yana da hanyar magani biyu. Ko dai a sake rubuta wasu tsalle-tsallen cikin manhaja ta yadda hasashe zai faɗa tarko mara illa, dabarar Google da ake kira retpoline, ko kuma a ba furosesa sababbin umarnin sarrafa hasashe ta hanyar maikurokod.

Maikurokod shi ne ɗan abin da ake iya canzawa a cikin furosesa, kuma ba ya zama. Duk kashewa yana gogewa, duk kunnawa sai BIOS, 'yar manhajar da ke tayar da kwamfuta, ko babbar manhaja ta sake loda shi. Intel ko AMD kaɗai ke iya rubuta shi. Wannan ya sa kariyar ta dogara ga kamfanin furosesa, da kamfanin laftof mai fitar da BIOS, da kamfanin babbar manhaja, kuma kowanne na da ranar da yake janye hannu. A Afrilu 2018 Intel ta sanar cewa ba za ta fitar da maikurokod na Spectre ga wasu tsofaffin iyalai ba, ciki har da Penryn da Wolfdale da Yorkfield, wato Core 2 Duo da Core 2 Quad na ƙarshe, da Bloomfield, Core i7 na farko. Latitude E6400 da takwarorinta, da har yanzu ake gani a wasu shagunan buga takardu, tun a ranar aka sallame su. Zubi na 2 da na 3 sun samu, amma samu a shafin Intel daban, isowa cikin laftof da ke Daura daban.

Dole a yi wa masu gyara adalci, don tsoron ofdet da suke yi yana da tarihi. Maikurokod na farko da Intel ta fitar ya sa kwamfutocin Haswell da Broadwell, wato zubi na 4 da na 5, suna sake kunna kansu, har ranar 22 ga Janairu 2018 kamfanin ya ce a dakata da sa shi. Facin Microsoft na watan ya hana wasu tsofaffin kwamfutocin AMD tashi kwata-kwata. Linus Torvalds, jagoran kanel ɗin Linux, ya kira wasu facin Spectre da aka kawo don furosesoshin Intel shara tsantsa. Mafi muni, a Maris 2018 mai bincike Ulf Frisk ya gano cewa facin Meltdown na Windows 7 mai bit 64 ya buɗe ƙofar da ta fi ta asali faɗi, har kowace manhaja na iya karantawa da rubutawa a ma'ajiyar kanel. An gyara a ƙarshen watan. Duk wanda ya ga wannan shekarar da idonsa yana da hujjar ɗari-ɗari.

Amma labarin bai tsaya a 2018 ba, shi ne abin da ba a cika faɗa a shago ba. A Maris 2019 Microsoft ta fara kawo retpoline cikin Windows 10, kuma furosesoshin da suka fi amfana su ne Broadwell da waɗanda suka girme ta, wato daidai irin namu. Gudu mai yawa ya dawo. Windows 7 bai samu wannan ba. Wanda ya gudu daga Windows 10 ya koma 7 don neman sauri, ya kuma sa facin, ya zauna ne a kan mafi nauyin sigar kariyar. In bai sa facin ba, to ba shi da kariyar ko kaɗan.

Bayan haka ɓaraka ta yi ta fitowa kusan kowace shekara: Foreshadow a Agusta 2018, dangin MDS irin su ZombieLoad a Mayu 2019, CrossTalk a Yuni 2020, Retbleed daga jami'ar ETH ta Zurik a Yuli 2022, Zenbleed na AMD da Downfall na Intel a 2023. Abin lura shi ne tsufa da haɗari ba sa tafiya a layi ɗaya. Retbleed ta fi kama Intel zubi na 6 zuwa na 8 da Ryzen na farko-farko, kuma masu binciken sun auna raguwar gudu har kashi 39 cikin 100 a wasu ayyuka bayan facin Linux. Downfall ta kama zubi na 6 zuwa na 11, ta tsallake na 2 da na 3, don ba su da umarnin da take bi ta cikinsa. 'Yan ƙananan netbuk masu Atom N270, da kowa ke rainawa, ba sa irin wannan hasashen ma balle a sace ta nan. A gefe guda kuma, CrossTalk ta shafi zubi na 3, Intel ba ta ba shi maikurokod ba, don haka mai Folio 9470m ko ya sabunta komai, wannan ramin a buɗe zai zauna. EliteBook 840 G3 da ake tallatawa a matsayin “ta fi sabunta” tana ɗauke da jerin faci mafi tsawo fiye da 8470p da ta girme ta.

MDS ta zo da tambayar da ta fi zafi ga mai Core i5 na laftof. Waɗannan furosesoshin ƙwaya biyu gare su, Hyper-Threading, dabarar da ke raba kowace ƙwaya zuwa zaren aiki biyu, ke sa Windows ya nuna huɗu. Zare biyu da ke kan ƙwaya ɗaya suna raba wasu ma'ajiyoyin ciki, ɗaya na iya leƙen ɗaya. Kanel na share ma'ajiyoyin duk lokacin da zai koma ga manhaja, in akwai maikurokod ɗin yin hakan, amma cikakkiyar kariya sai an kashe Hyper-Threading. OpenBSD, wata babbar manhaja, ya kashe shi tun 2018, Google ta kashe shi a Chrome OS 74, Apple ta ce cikakkiyar kariyar na iya cin har kashi 40 cikin 100 na gudu, ta bar wa mai kwamfuta zaɓi. Windows da yawancin Linux sun bar shi a kunne. Ni ma ba zan ce wa ɗalibi mai ƙwaya biyu ya kashe ba. Wannan matakin na masu saba ne, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da aikin baƙi.

A wani shagon gyara da ke wajen Ƙofar Ƙaura na ga yadda ake yanke wannan hukunci a aikace. Wani malamin makaranta ya kawo Folio ɗinsa, ya ce ta yi nauyi. Yaron shagon ya kunna, ya jira, ya girgiza kai.

“Malam, ofdet ne ke kashe ta. Bari in sa maka Windows mara nauyi, in toshe ofdet ɗin gaba ɗaya, datarka ma ta huta.”

“To, injiniya, babu matsala dai ko? Da ita nike shiga banki, sakamakon ɗalibai ma na ciki.”

“Babu komai, ranka ya daɗe. Kowa haka muke yi mashi.”

Ya zaro filash daga aljihu. Had-dis ɗin kwamfutar na ta ƙara tun da aka kunna, ram ɗinta gigabait 4 ne, babu wanda ya duba su. Irin Windows ɗin da ke kan wannan filash, wanda wani da ba a sani ba ya yi wa aski ya ɗora a intanet, yawanci an cire masa Defender mai kashe bairos, an toshe sabuntawa, sau da yawa an kashe kariyar furosesa, sannan a bi shi da Office da CorelDraw na sata da 'yar manhajar da ke “kunna” su. Asusun guda ne, mai cikakken iko, babu kalmar sirri.

A irin wannan kwamfutar Meltdown ba ta da aikin yi. Duk wahalar auna lokaci da bin gurabe 256 amfaninta shi ne manhaja mara izini ta kai ga abin da aka hana ta. In duk abin da aka danna yana gudana da cikakken iko, babu abin da aka hana. Bairos ɗin filash da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi, wanda duk mai zuwa buga furojet ya sani, ya isa. WannaCry na Mayu 2017, da ya durƙusar da asibitoci a Ingila, bai buƙaci aibin furosesa ba. Ramin Windows ya bi, wanda Microsoft ta riga ta fitar da facinsa tun Maris, mutane ba su sa ba.

Wa ɓarakar furosesa ta fi yi wa barazana ke nan? Sharaɗinta shi ne manhajar maharin ta gudana a kan furosesar da sirrin yake. Na farko su ne manyan kamfanonin da ke ba da hayar saba, inda banki da ɗan damfara za su iya zama a inji guda. Su kam ba su da zaɓi, kuma sun fi kowa kashe kuɗi a kai. Na biyu, duk wurin da mutane da yawa ke aiki kan uwar kwamfuta ɗaya da asusu daban-daban, kamar wasu ɗakunan kwamfuta na makarantu da cibiyoyin jarrabawa. Na uku shi ne kowa da kowa, ta ƙofar burawuza, don kowane shafin intanet da kowace talla da ke cikinsa manhajar wani baƙo ce ke gudana a kwamfutarka. A Maris 2021 Google ta nuna shafin gwaji da ke kwasar bayani ta Spectre a cikin Chrome, kusan kilobait 1 a sakan, da JavaScript kawai, wato harshen manhajar shafukan intanet. Ba a ga guguwar hare-hare ta wannan hanyar a kan talakawan masu kwamfuta ba, gaskiya ne, amma wani ɓangare na dalilin shi ne an toshe hanyoyin da wuri, kuma ɓarayi na da hanyoyin da suka fi arha.

Shi ya sa a ganina burawuza ta fi kanel muhimmanci ga mai laftof ɗaya. Tun Janairu 2018 masu burawuza suka dusashe agogon da shafi ke iya aunawa da shi. Daga Chrome 67 kowane shafi ya koma ɗakinsa daban, abin da Google ta ce yana ƙara cin ram da kashi 10 zuwa 13 cikin 100, Firefox ma ta bi sahu a ƙarshen 2021. Wannan rabuwar kuwa tana da ƙarfi ne kawai in kanel na tsare iyakar da ke tsakanin ɗakunan. Kashe kariyar kanel yana raunana ta burawuza. Kuma Chrome 109 na Janairu 2023 shi ne na ƙarshe a Windows 7 da 8.1. Mai shiga banki da irin wannan kwamfutar yana tafe da burawuzar da ramukanta sanannu ne, an rubuta su, an wallafa.

Dubawa ba wuya. A Linux, umarnin lscpu na jera kowace ɓaraka da matsayinta, ko a leƙa /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities. Inda aka ga an rubuta babu maikurokod, a fara duba ko kunshin intel-microcode na ciki kafin a yanke ƙauna, don shi ke loda na baya-bayan nan a kowace kunnawa ba tare da an taɓa BIOS ba. A Windows akwai 'yar manhaja kyauta mai suna InSpectre ta Steve Gibson, tana nuna matsayin Meltdown da Spectre. Windows 10 ma ya kawo maikurokod ɗin furosesoshi da dama ta hanyar sabuntawa, wanda shi ne ainihin abin da toshe ofdet ke hanawa. Sabunta BIOS na da kyau in kamfanin ya fitar, amma a nan garin sai da lura. Yawancin laftof ɗin nan batirinsu ya mutu, kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS, babban allon cikin laftof ɗin na iya mutuwa. Manhajojin sabuntawa da yawa ma ba sa yarda su fara in babu batiri mai caji. A yi shi inda ke da sola ko inbata, kada a dogara da janareta mai shaƙewa.

Kashe kariyar na da wurinsa. Tun 2019 Linux ya tanadi kalma guda, mitigations=off, Windows ma na da saitinsa a rajista, wato kundin saitunansa na ciki. Kwamfutar da ke situdiyo tana haɗa sauti ko bidiyon biki, ba ta hawa intanet, ba ta riƙe sirrin kowa, babu laifi a kashe mata. Haka tsohuwar Core 2 Duo da aikinta buga takarda da firinta kawai, muddin an cire ta daga intanet da gaske, ba a ce an cire ba alhali yaron shago na haɗa ta da wayarsa da dare. Amma laftof da ake shiga banki, ko shafin biyan kuɗin makaranta, ko imel da ita, ribar kashewa ba ta kai kasadar ba. Ribar ma ƙarama ce in aka kwatanta da abin da SSD, wato faifai mai sauri mara juyawa, da ƙarin ram zuwa gigabait 8 ke yi. Folio mai SSD da duk facinta ta fi Folio mai had-dis da aka tsiraita gudu, ba ma a haɗa su.

Abin da ya fi duk wannan matsa mana shi ne kalanda. Windows 7 ya daina samun faci ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, da ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajistar shirin tsawaitawa. Windows 11 a hukumance yana son Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama, da ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Ana tsallake sharaɗin da Rufus, manhajar ɗora Windows a filash, kowane shago ya iya, kuma a ra'ayina Windows 11 na asali da ke karɓar faci ya fi Windows 10 da aka daina kulawa, duk da Microsoft ta ce ba ta yi alkawarin sabunta irin waɗannan ba. Core 2 Duo kam ko tsallaken ba ya yi mata, don sigar 24H2 na buƙatar umarnin da ba ta da shi. Linux Mint ko Debian su ne suka fi daɗewa suna kula da tsohon ƙarfe, kuma ga ɗalibin da aikinsa rubutu da burawuza ne sun wadatar. Ga mai shagon zane kuwa ba amsa ba ce mai sauƙi, don katin biki da fosta a nan da CorelDraw ake yin su, shi kuma ba shi da sigar Linux. Irin wannan shagon ya fi dacewa ya raba aiki: inji ɗaya na zane da ba ya ganin intanet, wani daban, ko waya mai samun sabuntawa, na harkar kuɗi da rajista.

Mai shirin saye kuma kada ya tsaya ga jin “zubi na 8” daga bakin mai kaya, ya karanta lambar furosesar. Core i5-8250U da 8350U, irin na EliteBook 840 G5, suna hawa Windows 11, amma har yanzu suna da Meltdown, kanel na ci gaba da sauya musu taswira. Core i5-8265U da 8365U, na 840 G6, an gyara Meltdown da Foreshadow a jikin silikonsu, don haka ba sa biyan wannan farashin. Dukansu zubi na 8 ake kiransu a kasuwa, kuma lambar na nan a shafin bayanin kwamfuta a cikin saitin Windows, ana iya dubawa kafin a miƙa kuɗi.